Farautar jif: motar da za ta kai ni ofis, ta kuma kai ni gida da damina

Asabar, 3 ga Fabrairu 2024

Na fara rubuta wannan ne saboda na gaji da kaina, yau in ce Hilux gobe in ce Prado, jibi in ga wata Lexus a hanya in manta duk lissafin da na yi. Gara in dinga ajiyewa a rubuce ko na kama kaina in na fara shirme.

Ga yadda abin yake. Ina zaune a Kano wajen Rijiyar Zaki, aiki kuma cikin gari, kullum sai na sha gosulon Kabuga safe da yamma. Motata Corolla ce 2006, shekara bakwai tana hannuna kuma wallahi in dai a kan kwalta ne ba ta taɓa kunyata ni ba. Matsalar garinmu ce. Mu 'yan bayan Haɗejiya ne, can wajen Guri, kuma daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gidanmu hanya ce mai fuska biyu, da rani yashi da damina taɓo. Daminar 2022 da ruwa ya yi ɓarna a Jigawa a Haɗejiya na ajiye mota, na ƙarasa a babur da kwalekwale. Wannan bai dame ni sosai ba, kowa haka ya yi. Abin da ya tsaya min a rai na bara ne, da jikin Inna ya tashi cikin watan Agusta, a bayan babur aka fito da ita ƙanina yana riƙe da ita ta baya har bakin titi inda na tsaya da Corolla ina kallo kamar wani baƙo. Tun ranar na ce sai na sayi motar da za ta shiga har ƙofar gida.

Kuɗin da nake da shi ba zai riƙe mota biyu ba. Sai an sayar da Corolla, a haɗa da kwasar adashi da ɗan abin da na tara. Ke nan duk wadda na saya ita ce ta ofis, ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta daji. Maman yara ta ce "yanzu da mai ya zama abin da ya zama ne za ka sayi jif?" Ban ba ta amsa ba don ba ni da ita.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na je garejin bakanikena, mutumin da ya san Corolla ɗin nan fiye da ni. Na karanta masa sunayen da na rubuto yana wanke hannu da fetur yana saurare.

Highlander da RAV4 ya fara cirewa. Yace Alhaji waɗannan motocin gari ne da aka ɗaga musu ƙafa, bodi da shasi a haɗe suke, kuma ba su da ogzilari, wato ƙaramar giyar nan ta ƙarfi da ake sawa in an shiga yashi ko laka. Za su yi burji lafiya lau, amma hanyar garinku da ka kwatanta min, a'a. Na ɗan ji haushi don Highlander ce Maman yara ta yarda da ita.

Hilux kuwa yace babu abin da zai ce a kanta sai alheri, kayanta ko a ƙauye ka tsaya za ka samu, amma abu biyu. Kowa na sonta, 'yan kwangila, 'yan siyasa, manoma, don haka tsohuwa ma ba ta sauka a farashi. Na biyu bayanta sifirin ne irin na faranti, an yi shi don kaya, in babu kaya sai ta dinga tsalle kamar ɗan akuya. Yace "ka ce don Hajiya za ka saya, to ka sa tsohuwa a bayan Hilux a kan gargada ka ji abin da za ta gaya maka."

Sai ya gaya min abin da ban sani ba: Prado ta 2003 zuwa 2009, da 4Runner ta shekarun, da Lexus GX470, kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne ta ƙasa, shasi iri ɗaya, kayan ƙafa da yawa suna shiga juna. Bambancin inji ne da kwalliya. Yace in zaɓa cikin ukun nan, kuma duk wadda zan gani kar in ba da ko sisi sai ya kwanta a ƙarƙashinta.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na tuƙa GX470 yau. Kai jama'a. Wani dillali ne ya kawo ta, baƙa, kujerun fata, esi kamar firij, ka taka mai ta tafi shiru ba hayaniya, V8 ne 4.7. Na zaga da ita ta titin BUK na dawo ina jin kamar an naɗa ni sarauta. Dillalin ya ga fuskata ya fara "ranka ya daɗe wannan ai kai ta dace da kai."

Da daddare na zauna da biro. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu bara lita ta haura 600, a gidajen man 'yan kasuwa ma ta fi haka. Corolla tana kai ni sati da abin da wannan za ta sha a kwana uku in ba a yi sa'a ba. Ga shi injinta bel ne na taimin ba sarƙa ba, ana canza shi wajen mil dubu 90, kuma ba wanda ya iya gaya min yaushe aka canza na wannan. Bayanta kuma balan-balan ne na iska maimakon sifirin, in ya tsufa ya fara yoyo sai ka wayi gari mota ta zauna da gindi, shi ya sa mutane da yawa ke cirewa su sa sifirin na Prado. Duk ana iya gyarawa, amma kuɗi ne kan kuɗi, ni kuma kwana 300 da wani abu a shekara a gosulo nake ba a daji ba.

Na cire ta. Amma gaskiya hotonta na nan a wayata ban goge ba.

Asabar, 2 ga Maris

Wannan watan da ya wuce dala ta haukace, ta haura 1,500, kuma kwastam suna ta canza farashin dalar da suke lissafin duti da shi, wani lokacin sau biyu ko uku a sati. Sakamakon shi ne motar Beljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga ƙasar waje, da aka gaya maka farashinta ranar Litinin, ka koma Alhamis a ce Alhaji ai an ƙara. Motar tana tsaye a wurin ƙura ta rufe ta, ba ta je ko'ina ba, amma ta ƙara kuɗi.

Wani abokin aiki ya ce ya san mai kawowa daga Kwatano da sauƙi. Na ce masa tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, duk wadda ta biyo ta nan takardunta abin dubawa ne da kyau, kuma ni mai yawan bin hanyar Haɗejiya ne, ba zan iya da tsayuwar shingen kwastam da iyali a mota ana juya takarda ba. Sauƙin da zai ƙare a ofishin kwastam ba na so.

Don haka na fara karkata ga ta hannu, wadda aka riga aka yi wa lamba a nan. Da ina raina su.

Asabar, 9 ga Maris

Yau na kusa yin asarar da zan daɗe ina jin kunyarta.

4Runner ce 2006 a wata tashar sayar da motoci a kan titin Zariya, ruwan toka, Beljiyam, V6 4.0, injin da bakanikena yake yabo don sarƙa ne da shi ba bel ba. Ciki tsaf, ba tsaga a dashbod, lambar mil ɗin ma ba ta da yawa duk da na san wannan ana juya ta. Farashin ya ɗan fi ƙarfina amma mai motar ya nuna zai sauko. Na tambaye shi fowil ce, wato mai ja da ƙafa huɗu? Yace "haba Alhaji, 4Runner fa, sunanta ma ai ya gaya maka."

Na kira bakanike ya zo a adaidaita. Bai ko buɗe bonet ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙasa da fitilar waya, bai yi minti ɗaya ba ya ce in sunkuyo. Ya nuna min bayan giyabos, furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi, ɗaya ce tak ta tafi baya. Gaba babu komai, ba furofela, ba difiransha, ba shaf da ke shiga tayoyin gaba, wurin fayau. Ashe a Amurka ana sayar da 4Runner mai jan baya kawai da yawa, musamman jihohin da ba sa ƙanƙara, kuma su ne suka fi araha a gwanjo don haka su ake ta lodowa. Daga waje ba ka bambance su. A ciki ma da na lura, maɓallin da ake murɗawa a sa H4 (ƙafa huɗu) ko L4 (ƙaramar giyar ƙarfi) babu shi, ni ban ma san in nema ba.

Mai motar bai ji kunya ba ko kaɗan, cewa ya yi ai tana da tsayi, ba inda ba za ta shiga ba. Bakanike ya karkaɗe rigarsa yace "Alhaji mu tafi, wannan Corolla ce mai dogon wuya."

Na biya shi kuɗin adaidaita da na ƙafa har da ƙari.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi, ba na yawo sosai. Mun ga guda biyu. Ɗaya 4Runner mai fowil na gaske amma shasin ya ci tsatsa, irin motocin da suka zauna inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, an fesa baƙin fenti an rufe, bakanike ya sa sukudireba ya danna wajen ƙafar baya sai ga ɓawon ƙarfe yana zubowa kamar garin kwaki. Ɗayar Prado ce mai kyau a ido, amma da muka ɗaga kafet ƙasan akwai busasshiyar laka, ƙusoshin kujera duk sun yi ja, ga wani wari da turaren da aka fesa bai iya ɓoyewa ba. Ruwa ta sha. Wayarin motar da ta sha ruwa ba ya gama ba ka mamaki.

Na gaji. Na ce a bari sai bayan Sallah.

Asabar, 13 ga Afrilu

Sallah ta wuce lafiya. Yayana da ke Kaduna ya kira, yace akwai Prado 2008 a hannun wani dattijo maƙwabcinsu, asalinta motar wani kamfani ce da aka saya sabuwa a nan, da suka yi gwanjo ya saya, yanzu ya daina doguwar tafiya. Ya turo hotuna. Fara ce amma farin ya koma kalar koko, dashbod rana ta farfasa shi, kujerun yadi, giyar hannu, safaya a manne a ƙofar baya. Na nuna wa Maman yara tace "wannan ai motar 'yan allurar rigakafi ce." Ba ta yi ƙarya ba.

Injin 2.7 ne mai fulogi huɗu, irin wanda ke cikin Hilux mai fetur. Da na gaya wa bakanike sai da ya gyara zama.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Jiya muka je Kaduna ni da shi. Na roƙi dattijon tun a waya kar ya tayar da ita kafin mu zo, don inji mai sanyi ba ya ƙarya. Muka same ta a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ganye ya cika gilashi. Bakanike ya taɓa inji ya tabbatar da sanyi, ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa, ba farin kumfa, ya buɗe lagireto, ruwa ne zalla ba kulan ba kuma ya yi ja, ya ɗan yi tsaki. Aka tayar, bugu ɗaya ta kama, ya tsaya a bayan salansa yana kallo, ba shuɗin hayaƙi ba fari. Ya jona na'urarsa, abu ɗaya ta nuna, sensan salansa.

Ƙasa kuwa ya daɗe. Shasi ba tsatsa ba walda, don motar ba ta taɓa ganin gishiri ba, furofela biyu suna nan gaba da baya. Robar shaf ta hagu ta yage giris ya fantsama, shokazoba na baya sun mutu, bushin na ƙafar gaba sun tsufa. Ya fito yace duk wannan cefane ne, ba ciwo ba.

Muka fita da ita wani fili mai yashi a bayan unguwa don gwada ƙaramar giyar. A nan na koyi cewa Prado kullum da ƙafa huɗu take tafiya, ba kamar Hilux ba da sai ka sa. Sandar tana da H na tafiyar yau da kullum, HL in ka kulle tsakiya don gaba da baya su ja tare, sai LL na ƙarfi. Da farko sandar ta ƙi motsi, dattijon yace rabon da a taɓa ta ya fi shekara uku, gabana ya faɗi. Bakanike ya ɗan yi gaba ya yi baya ya taka kuloci ya sake ja, ta shiga da ƙara ƙwas, fitila ta kama a dashbod, motar ta fara rarrafe a hankali kamar tarakta. Ya maimaita sau huɗu har ta saki.

A kan titi kam ba ta da sauri, kar in yi ƙarya. Mota mai nauyin kusan tan biyu da injin fulogi huɗu, in za ka wuce tirela sai ka yi niyya tun daga nesa ka sauko giya. Bayan GX ɗin nan ji na yi kamar na sauka daga doki na hau jaki. Amma esi yana aiki.

Baba dattijo bai yi dogon ciniki ba. Na lissafa masa gyaran, ya rage, yace "ɗana ka riƙe ta da kyau, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba." Na ba da kafin alƙalami, sauran sai Corolla ta tafi.

Asabar, 4 ga Mayu

Corolla ta tafi ranar Talata. Ƙaramin ɗana ya yi kuka, ni ma dai na shiga ɗaki.

Takardu: na haɗa lambar shasi da ke jikin mota da ta takardar kwastam da ta rasit ɗin gwanjon kamfanin, harafi da harafi, don bakanike yace an sha ganin takarda ta gaske amma ta wata motar ce. Muka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, aka fara canjin suna, inshora ta dubu 15 tunda an ƙara ta daga dubu 5 a farkon 2023.

Na ɗauko ta daidai lokacin da layin mai ya dawo. Kuma sai a gidan mai na gane tanki biyu ne da ita, lita 180 gaba ɗaya. Yaron da ke zuba mai yana ta kallona yana kallon mita, na ce tsaya tsaya, a dubu 40 na tsayar da shi, allurar ko rabi ba ta kai ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Sati biyu tsakanin gareji da kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa. An canza baƙin mai da filta, man giya, man difiransha gaba da baya da na ƙaramar giya wanda ya fito baƙi ƙirin kamar kwalta, an wanke lagireto an zuba kulan, robar shaf, bushin, shokazoba biyu, fulogi, birkin gaba. Abin da na ware na gyara ya ƙare har na taɓa kuɗin ragon layya, Allah ya rufa asiri kar Maman yara ta karanta nan.

Taya ne ban canza ba. Suna da gashi sosai, amma mai faci ya nuna min lambobi huɗun da ke gefe, sati da shekarar da aka yi su, biyu na 2017 ne. 265/65 R17 guda huɗu sababbi a farashin yanzu ba zan iya ba. Na ce bayan Babbar Sallah.

A gari: na auna sau biyu daga cika zuwa cika, tana ba ni wajen kilomita 6 zuwa 7 a lita da esi a gosulo. Corolla ta kusa ninka haka. Kuloci kuma a Kabuga da yamma, ƙafata ta hagu ta san an sayi mota. Na koma fita ƙarfe bakwai saura don in riga cunkoso, kuma ranar Juma'a in ba da yara zan fita ba adaidaita nake hawa. Abin dariya, mai jif a adaidaita. Abu ɗaya da na ji daɗi, 'yan adaidaita sun daina shigo min ta gefe.

Talata, 18 ga Yuni

Mun yi Babbar Sallah a gida. Muka bi ta Gezawa, Ringim, Gujungu har Haɗejiya, a kan doguwar hanya shan manta ya sauka sosai in na tsaya a 90 zuwa 100, in na wuce haka sai ta fara ihu tana sha. Yara suka yi barci a baya, kaya a but har da buhun shinkafa.

Ruwa bai zauna sosai ba tukuna, don haka yashi muka tarar. Na sa HL, na rage iskar taya kamar yadda wani direban motar kasuwa a Haɗejiya ya ba ni shawara, yace kar in tsaya a tsakiyar yashi kuma kar in yi ta canza giya, in riƙe ta biyu ko ta uku in tafi. Haka na yi, hannuna na rawa, ta wuce kamar ba komai. Na tsaya a ƙofar gida daidai gindin darbejiyar da Baba ya shuka. Inna ta fito ta zagaya motar ta dafa bonet tace "wannan ce? to Allah ya tsare, amma ba ta kai waccan kyau ba."

Lahadi, 28 ga Yuli

Na kafe.

Jiya ne, na je ɗauko Inna don ganin likita a Kano. An kwana ana ruwa. Akwai wani wuri kafin gari inda hanya ke bi ta gefen fadama, baƙar laka ce mai santsi irin wadda ke kama takalmi. Na tsaya na duba, na ga sawun tarakta, na ce ai ina da LL. Na shiga, mita goma na farko lafiya, sai gindin ya fara zamewa gefe, na ƙara mai, wanda shi ne kuskuren, tayoyin suka cika da laka suka koma sumul kamar gwangwani, huɗun duka suna juyawa motar ba ta motsi, har ta zauna da cikinta a kan tudun da ke tsakanin sawun taraktar. Ƙafa huɗu ba ta da amfani in duk huɗun ba su kama komai ba, tayoyin kwalta ne tsofaffi, kuma na sani tun watan Mayu.

Samarin gari suka zo da fartanya da shebur, aka haƙe ƙarƙashi, aka yanko kachalla da rassan bishiya aka cusa, mutum goma sha wani abu suna turawa ni ina ciki laka har gwiwa, kusan awa biyu. Wani yaro yace "Yaya ai da ka bi ta gonar Kawu ta sama, nan ko tarakta sai da aka jawo ta shekaranjiya." Ba wanda ya gaya min, ni ma ban tambaya ba.

Dawowa ta gonar Kawun muka bi, yaron yana gaba a babur yana nuna hanya, Inna a kujerar gaba da carbinta, ƙanina a baya. Ba ta sauka ba sai a Kano.

Gobe zan kai a wanke ƙasan don laka ta cika birki yana ƙara. Na tambayi farashin taya masu manyan gashi irin na rabi kwalta rabi daji, biyu zan iya wannan watan, amma bakanike yace a mota mai jan ƙafa huɗu kullum gara a sa huɗun iri ɗaya lokaci guda, don haka sai albashin Agusta. Kafin nan zan sayi igiyar ja mai ƙarfi da shebur da famfon iska in ajiye a but. Tafiyar Mambila da nake ta yi wa yara alƙawari, ta Jalingo da Serti a hau dutse zuwa Gembu, na ɗaga ta zuwa Disamba in hanya ta bushe.